Hular Hrefna

Ran da Hrefna ta ajiye aiki
ta cire shuɗiyar hularta ta kifa mini.
Ba jawabi, ba tafi,
sai ƙarnin kifi da ya riga ya kama fatarmu
da kukan bel mai jan akwatuna.
A waje Ísafjörður na kwance tsakanin duwatsu,
rana ta yi wata guda ba ta leƙo garin ba.

Na ɗauka shugabanci murya ce,
na yi ta ɗaga ta.
Na hau dakali da agogo a hannu
ina ƙirga wuƙaƙe goma sha huɗu,
wa ya feɗe nawa, wa ya tsaya sosa hanci.
In na shiga ɗakin hutu hira ta mutu,
cokula kaɗai ke magana cikin kofuna.

Bogdan na kira sau uku bai waiwayo ba,
na rubuta: taurin kai.
Steinar ya ce lafiya lau, lafiya lau,
na ƙara masa akwati ashirin.

Daren Laraba jirgi ya iso a makare,
cikinsa dam, tan arba'in.
Na cire Marikit daga wanki na kai ta sikeli,
ban nuna mata komai ba, na ce maza.
Ƙarfe biyun dare aka gano:
akwati ɗari biyu da shida,
kowanne da nauyin ƙarya a goshinsa.

Manaja ya sauko da takalmin ofis
yana tsallake ruwan ƙanƙara kamar kyanwa.
Ya ce, wa ke kan sikeli?
Na ga hannun Marikit cikin safar roba yana rawa.
Sunanta ya zo mini har bakin haƙori,
da santsi, kamar hantar kifi.
Na haɗiye shi.
Na ce ni na sa ta, ni ban koya mata ba,
a rubuta nawa.

Ya rubuta. Ya hau bene.

Lokacin tashi ya wuce, ban roƙi kowa ba.
Na jawo akwatin farko na yanke ɗaurinsa,
sai na ji an jawo na biyu a bayana.
Bogdan ne, bai dube ni ba.
Steinar na buɗewa, Marikit na karanta lamba da ƙarfi,
saura sun jeru, hannu na miƙa wa hannu,
har agogo ya ce gari ya waye
ko da yake sama ba ta yarda ba.

Ina neman biro a aljihun tebur
na ci karo da takardar Hrefna,
ta yi laushi don yawan ninki.
Na zaci dokoki ne.

Kunnen Bogdan na hagu ya mutu a teku,
a tsaya masa ta dama.
Steinar ba ya cewa na gaji.
A dubi wuƙarsa: in ta fara barin tsoka a jikin ƙaya,
a aike shi ɗauko ƙanƙara.
Marikit, a nuna mata sau ɗaya, a hankali,
ba za a sake ba.

Can ƙasa, sunana:
yana da zafin nama, yana da tsoro.
A ba shi lokaci.

Yanzu dakalin na kusurwa,
mun ɗora masa tukunyar kofi.
Hular har yau ta yi mini yawa,
takan zame ta rufe mini ido,
Bogdan ya tura ta baya da gwiwar hannu
ya ci gaba da yanka.

Ƙarshen Janairu rana ta hau kan dutse,
muka fita mu goma sha biyar da rigunan roba,
muka ba ta fuska minti uku.
Steinar ne ya fara cewa, to, kifi na jira.